Na haɗa ƙaramin Reitwagen na Daimler: injin ya burge ni, tayoyin roba sun ɓata min rai

Wata biyu kenan da na gama haɗa abun nan, da gangan na ƙi cewa komai a lokacin saboda ran da na gama raina a ɓace yake, kuma in mutum ya yi magana da zafin rai sai ya zalunci mai kaya. Yanzu na huce, zan iya faɗin mai kyau in faɗi marar kyau.

Abun da na saya ɗan ƙaramin samfuri ne irin na haɗa-da-kanka, na wannan keken katako mai inji da Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka ƙera a Jamus a 1885, wanda Jamusawa ke ce wa Reitwagen, kaman dai ka ce karusar da ake hawa irin hawan doki. Ba ya tashi, ba ya shan mai, na ajiyewa a kan kanta ne kawai, tsawonsa in an gama bai fi kamu ɗaya da 'yan yatsu ba. Sunan shagon intanet ɗin da na saya ba zan kama ba. Kuɗinsa har da na kawowa ya kusa kuɗin sababbin tayoyi biyu na mashin ɗina, shi ya sa har yau in maganar cefane ta taso sai maman yara ta waiwaya ta kalli kantar ba ta ce komai ba.

Sun ce sati uku zai iso, sai da ya yi biyar, kwalin ya zo gefe ɗaya a lotse amma na ciki lafiya lau saboda sun naɗe komai da soso. A ciki akwai allunan katako guda huɗu da aka riga aka yanka da na'ura, kai dai ɓallewa za ka yi, sai injin na ƙarfen zubi gida biyu, sai 'yar leda cike da kayan tagulla da sukurori ƙanana kaman ƙwayar gero. Wallahi ba ƙari, in ba ka da matsefata kada ma ka fara. Gam babu a ciki, fenti babu, kuma ba su faɗa ba a tallan. Sukurori biyu sun yi ƙasa da lissafin da ke takardar, na ƙirga sau uku. Takardar bayanin kuwa Turancinta irin wanda na'ura ta fassara ne, ka karanta layi ɗaya sau biyar ba ka san ina ya dosa ba, hotunan ne suka cece ni, su kam sun fito tsaf.

Katakon yana da kyau, wannan gaskiya ce. Bai da gashi-gashi, haɗin yana shiga daidai ba sai ka danna da ƙarfi ba, sanfefa kaɗan na goga na shafa masa banish sau biyu ya fito kaman kujerar gidan mai kuɗi. Kuma a wajen haɗa gangar jikin ne na fara gane abun da hotuna ba su taɓa nuna min ba. Wannan abu fa ginin kafinta ne, katako ne aka ɗaure da ƙarfe a gaɓoɓi, sannan aka bar wani babban gurbi a tsakiya aka tsayar da inji a ciki, duk sauran abubuwan kewaye injin suka yi. Mai hawa ma a saman injin yake zaune a kan sirdi mai tudu irin na doki, ƙafarsa da ƙyar take kai ƙasa. Kana gani ka san wanda ya zana shi bai damu da jin daɗin mai hawa ba ko kaɗan, injin ne ɗansa.

Ran Asabar ɗin da na zo kan injin sai na kwashi kayan na tafi garejin Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya fi shekara talatin yana gyaran mashin. Na shimfiɗa a kan benci, ya goge hannu da tsumma ya ɗauki injin ya juya shi ya sake juyawa, ya leƙa sama ya leƙa ƙasa, sai ya ce "ɗan nan an cuce ka, ina fulogi?" Na ce Kawu ai ba shi da fulogi. Ya ce to ina koyil, ina batir? Na ce duk babu. Ya ajiye ya ce to wannan ba inji ba ne, tukunya ce.

Sai na nuna masa wani ɗan tsinken tagulla da ke fitowa daga kan silindar, da wani ɗan akwati da ke rufe shi. A nan duk sirrin yake, kuma na yaba wa masu samfurin da ba su manta da shi ba duk da ƙanƙantarsa. A na gaskiyan, ɗan bututu ne na ƙarfen filatinam, bakinsa na waje a toshe, na ciki a buɗe yana kallon cikin silinda. Daga waje akwai ɗan murhu da ke ci da wuta yana gasa bututun har ya yi ja. In fistin ya taso ya matse iskar da ta gauraya da mai, sai matsin ya tura ta cikin bututun nan mai zafi, sai ta kama da wuta, ta buga fistin ƙasa. Shi kenan. Babu waya babu tartsatsi. Kafin ka tashi injin sai ka fara kunna murhun kaman mai kunna risho, ka jira bututu ya yi ja, sannan ka wana hannun tayar da injin. Iska mai ƙarfi ta kashe wutar, inji ya mutu. Kawu ya yi shiru can ya ce "to in ya faɗi fa, ga wuta ga mai?" Na ce Kawu ai ko bai faɗi ba ma, labarin da ake bayarwa shi ne a tafiyar farko sirdin sai da ya kama da wuta saboda murhun a ƙarƙashin mazaunin mai hawa yake. Yaran garejin suka yi ta dariya har da mai riƙe ciki.

Amma dariyar a gefe, wannan ɗan bututun shi ya buɗe hanya. Daimler da Maybach sun yi aiki shekara goma a kamfanin Deutz da ke Kolon tare da Nikolaus Otto, mutumin da ya fito da inji mai bugu huɗu a 1876, irin dai wanda ke cikin mashinanmu yau, ya ja ya matse ya buga ya fitar. Sai dai injinan Otto manya ne na girkewa a masana'anta, nauyinsu sai an haɗa ƙarti, da iskar gas ta bututun gari suke aiki, kuma juyinsu bai kai 200 a minti ɗaya ba saboda yadda ake kunna musu wuta ba ya iya sauri. Da aka samu saɓani Daimler ya bar wurin a 1882, ya koma Cannstatt kusa da Stuttgart ya sayi gida mai lambu, ya mayar da ɗakin gilashin rainon shuke-shuke ya zama wurin aiki, Maybach ya biyo shi. A ɓoye suke aikin dare da rana, har mai kula da lambun ya zaci jabun kuɗi suke bugawa ya kai ƙara, 'yan sanda suka shiga da dare ba su tarar da komai ba sai ƙarafa da kayan aiki. A ƙarshen 1883 suka yi rajistar wannan dabarar ta bututu mai zafi, inji ya kai juyi 600 a minti. Kuma duk bakanike ya sani, inji in yana juyi da sauri ba sai ya yi girma ba kafin ya ba da ƙarfi, in bai yi girma ba kuwa ana iya ɗora shi a kan abun da ke tafiya.

Maybach ɗin nan ma ni a ganina ba a yi masa adalci, sunan Daimler ne a jikin kwalin, shi ko sau ɗaya ba a ambace shi a takardar ba. Maraya ne da ya tashi a gidan marayu a Reutlingen, a can Daimler ya gan shi ya ja shi jiki, kuma yawancin zanen injin hannunsa ne.

Injin da ke kan Reitwagen ɗin Jamusawa na ce masa Standuhr, wato dogon agogon nan na tsaye da ake jinginawa a bango, kuma da ka tsayar da na samfurin a tafin hannu za ka ga dalili, ƙasa zagayayyen gida sama doguwar silinda siririya. Silinda ɗaya ce, faɗin bakinta milimita 58, tafiyar fistin milimita 100, jimla cc 264. Da na faɗa wa Kawu haka sai ya zaro ido ya ce ai ya ninka Boxer sau biyu da rabi, lallai zai yi gudu. Na ce rabin ƙarfin doki ɗaya yake bayarwa. Rabi fa. Boxer ɗin da yaransa ke kwancewa kullum mai cc 100 tana ba da wajen doki takwas. Gudunsa na ƙarshe kilomita 12 a awa, yaro mai lafiya a kan keke zai wuce shi yana ɗaga masa hannu, ga nauyi kilo 90.

To a nan ne babban ƙorafina na farko yake. Injin samfurin toshe yake. Ka haɗa gida biyun ka ɗaure shi kenan, ciki ba komai, fistin babu, ba abun da ke motsi. Ni kuma abun da na fi son gani kenan, saboda a cikin wannan zagayayyen gidan akwai faifan ƙarfe biyu masu nauyi da ke juyawa a rufe ruf ba ƙura ba fantsamar mai, wanda a lokacin sabon abu ne, kuma a jikin ɗaya daga cikinsu aka sassaƙa wata 'yar hanya mai lanƙwasa wadda ita ke tura sandar da ke buɗe bawul ɗin fitar hayaƙi sau ɗaya a duk juyi biyu. Bawul ɗin shigar mai kuwa ba abun da ke taɓa shi, zuƙar fistin ce kawai ke buɗe shi wani ɗan sifirin mai laushi ya mayar da shi. Sai da na zana wa Kawu a ƙasa da tsinke kafin ya gane, da ya gane kuma sai ya kira babban yaronsa ya ce zo ka ga inji ba kamshaf ba tayimin cen. Da masu samfurin sun yi murfin gefe ɗaya mai cirewa, ko da na roba mai gani-har-hanji ne, da kuɗin nan ya halatta gaba ɗaya. A tallan sun rubuta wai inji mai cikakken bayani. A waje kam haka ne.

Kafireton sun yi shi, wani ɗan gwangwanin tagulla mai bututu biyu. Shi ma ba irin namu ba ne mai jet da allura. Gwangwani ne da mai a ciki, iska na bi ta cikin man ta kwaso tururinsa ta wuce silinda, akwai abun da ke yawo a saman man yana daidaita zurfin da iskar za ta ratsa ko man ya ragu. Ɗaya daga cikin yaran ya ce ashe shisha ce, Kawu ya harare shi ya ce a ina ka san shisha, amma fa kwatancen yaron bai yi nisa da gaskiya ba. Man ma ba gidan mai ake zuwa ba don babu su, wani mai ne mara nauyi mai saurin tashi da ake saya a kantin magani, da shi ake cire tabo a tufafi. Kafireto mai fesawa irin wanda muka sani sai a 1893 Maybach ya fito da shi.

Yanzu bari in zo kan abun da ya ɓata min rai. Tayoyi. Na haɗa ƙafafun katakon nan masu sandunan katako, sun yi kyau kaman na amalanken da, sai na buɗe leda ta ƙarshe na ga zobban baƙar roba guda biyu wai in saka musu. Roba! A 1885! Reitwagen ƙarfe aka naɗa wa ƙafafunsa kaman na karusar doki, tayar iska ta Dunlop ma sai 1888 ta fito. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne a wurina, saboda duk wanda ya ga roba zai ɗauka abun na da ɗan laushi, alhali mutum ne zaune a kan katako, katako a kan ƙarfe, ƙarfe a kan titin duwatsu, babu shokazoba gaba babu baya. Na tura musu saƙo, bayan kwana huɗu suka amsa da cewa wai sun saka roba ne don kada ya karce kanta. Ban sake ce musu komai ba. Gwangwanin madara na samu na yanka siriri da almakashi, na goge bakin da magagari na naɗa na liƙa, na ɗan shafa masa baƙin fenti na goge. Ya yanke ni a babban yatsa amma ya fi min. Sirdin ma haka, abun da suka kira fata leda ce mai sheƙi, wurin badukun unguwarmu na je ya ba ni ɗan guntun jar fata kyauta, har ya tsaya yana tambaya wai dokin wa zan yi wa sirdi ƙarami haka.

Inda suka yi ƙoƙari sosai shi ne ƙananan ƙafafun gefe guda biyu da ke tallafe shi kada ya faɗi. Sun saka musu sifirin na gaske, in ka danna suna lotsawa su dawo. Kuma sun bar fok ɗin gaba, wato sandunan da ke riƙe ƙafar gaba, a tsaye cak kaman yadda yake a na asali, ba su gyara shi don ya yi kyau ba. Kawu ne ya lura da wannan ba ni ba. Ya tura shi a kan benci da yatsa ya ga kan yana ta rawa, sai ya ce min in duba duk mashin ɗin da ke garejin, har da keken yaro da ke jingine, fok ɗinsu a ɗan kishingiɗe yake, ƙafar gaba ta yi gaba. Ya ce wannan kishingiɗar ce ke sa mashin ya miƙe da kansa in yana tafiya har ka iya sakin hannu, wanda fok ɗinsa ke tsaye kuwa kullum kokawa za ka yi da shi. Muka cire ƙafafun gefen muka tura, ko kamu biyu bai yi ba ya kife. Wato ba ado ba ne, in babu su ba ya tafiya. Abun mamaki a shekarar nan ta 1885 ɗin dai John Kemp Starley ya fito da kekensa Rover a Ingila, mai ƙafa biyu da sarƙa, wanda shi ne kakan kekunanmu. Su Daimler ba ta wannan suke ba.

Bel ɗin da ke kai ƙarfi baya sun yi shi da ɗan zaren roba, yana juyawa in ka juya ƙafar baya, har da ɗan fuli, wato ƙaramin gargaren da ke danne shi. A na gaskiyan wannan fulin shi ne kuloci, in ka matse bel ya kama a tafi, in ka sake shi ya yi sako-sako sai birki ya danne ƙafar baya. Samfurin irin wanda aka gyara daga baya ne mai zoben haƙora a jikin ƙafar baya da gudu biyu, kilomita 6 da 12, kuma canja giyar sai ka tsaya cak ka mayar da bel daga wannan fuli zuwa wancan da hannu. Haƙoran zoben a nawa ba su hau daidai ba da farko, sai da na sassauta sukurori uku na ɗan matsar da shi. Wanda bai saba ba zai iya fasa katakon a nan, a bi a hankali.

A jikin kwalin da manyan baƙaƙe sun rubuta babur na farko a duniya. Ni dai da na haɗa shi da hannuna ba zan faɗi haka kai tsaye ba. Kafin shi an yi masu ƙafa biyu da ke tafiya da tururi, na Michaux da Perreaux a Faransa da na Roper a Amurka, tun wajen ƙarshen shekarun 1860. Shi kuma wannan ƙafa huɗu gare shi in za a ƙirga tsakani da Allah. Abun da aka fi yarda da shi shi ne, a cikin masu siffar babur shi ne na farko da ya ɗauki mutum da ƙaramin inji mai shan mai irin na fetur, an yi masa rajista ran 29 ga Agusta 1885, kuma a watan Nuwamba ɗan Daimler, Paul, saurayi da bai kai ashirin ba, ya hau shi daga Cannstatt zuwa Untertürkheim, tafiyar wajen kilomita 3. Daga nan fa kusan an gama da shi. A 1886 sun ɗora inji a karusa mai ƙafa huɗu, sun saka a jirgin ruwa a kogin Neckar, a 1888 har a balan-balan mai tashi sama. Daimler bai sake ƙera babur ba. Reitwagen benci ne na gwajin inji da aka yi wa ƙafafu saboda shi ya fi araha, rabin doki kuma ba zai ja karusa ba. Babur na sayarwa na farko da aka yi da yawa sai 1894, na Hildebrand da Wolfmüller a Munich, shi kuma silinda biyu ne. Fulogi irin na zamani da Kawu ke nema kuwa sai 1902 kamfanin Bosch ya fito da shi tare da maganeto mai ƙarfi, a nan Stuttgart ɗin dai.

Reitwagen na asalin ma babu shi, ya ƙone a gobarar da ta cinye masana'antar Daimler ta Cannstatt a 1903. Duk wanda ake gani a gidan tarihin Mercedes-Benz a Stuttgart ko Deutsches Museum a Munich kwaikwayo ne aka sake ƙerawa. Wannan ya ɗan rage min haushin roba, na ce to kowa ma kwafi yake riƙe da shi, nawa dai ƙarami ne.

In za ka saya, ka tanadi matsefata, gam na katako da sufa gulu, sanfefa mai laushi, da ɗan faranti mai zurfi na zuba sukurori don in ɗaya ya faɗi a kan siminti ka yi sallama da shi. Ni dare shida na yi ina yi bayan isha'i, wanda ya saba zai gama a uku. Ba na yara ba ne, autana sau biyu ina ƙwace ƙafar gefe daga bakinsa. A cikin goma zan ba shi shida, katako da ƙafafun gefe da ɗan bututun wuta suka ci makin, toshasshen inji da roba da ledar sirdi suka zubar da sauran. Sukurori biyun da suka yi ƙasa sun ce za su aiko, har yau shiru, na tsofaffin tabarau na cire na saka.

Yanzu haka ma ba ya gidana. Kawu ya ce in bar masa na sati ɗaya zai nuna wa wani abokinsa mai gyaran janareto, yau sati uku kenan, na je ɗauka jiya na tarar ya sa an yi masa ɗan akwatin gilashi ya ɗora a saman kabad ɗin da yake ajiye fulogai.